Koren Haske a Jinin Afra

A wani ɗakin gwaji a Sabon Gari, Hajiya Fanta tana kallon wata ma'aikaciya da ko sunanta ba ta sani ba. Siririya ce, mayafinta cushe cikin farar riga. Wataƙila ita ma uwa ce, don tana lallaɓa ɗigon jinin Afra, 'yar Hajiya, kamar jariri.

Ta ɗiga masa rini, ta rage fitila, ta duƙa kan madubin likita.

"Hajiya, zo ki gani."

Ƙwayoyin jinin suna haske, kore shar.

"Wani sinadari ne na cikin ƙwayoyin jini, fosfatas, ke haskawa. Yawansa ya fi nuna ciwo mai jin magani, ba kansar da kike tsoro ba. Likita zai tabbatar."

Hajiya ta riƙo hannunta, har da safar roba. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."