Rigar da Inji Ya Cinye

Ban taɓa yin wauta irin ta shekarar da na shiga aikin injin tsaga katako ba, wanda Turawa suka kawo cikin birni. Da babbar riga nake zuwa aiki. Ni ɗan maɗinki ne a Sheshe, kuma ba na son 'yan unguwa su gan ni da gajeren wando su ce lebura. Na roƙi Baba sabuwar riga, ya miƙo mini tsohuwarsa da wanki ya cinye, na karɓa ina kumbure-kumbure.

Helumanmu, wato shugaban ma'aikata, wani dattijo mai yatsa huɗu a hannun dama, ya dube ni ya ce, "Malam, ɗaurin aure ka zo? Tuɓe."

Na ce, "Heluma, ai naɗe hannun zan yi a kafaɗa, kamar kowa."

"Inji bai san kowa ba."

Na tuɓe, amma da ya juya baya sai na mayar da abata. Kwana uku ina haka. A na huɗu na sunkuya ɗaukar katako, hannun rigar ya zamo, bel ɗin da ke juya zarton ya cafke shi. Na ji ana ja na kamar akuya a kasuwa. Saura taki ɗaya hannuna ya isa bakin zarto, rigar ta yage tun daga wuya, na faɗi zaune cikin ɗan kamfai.

Heluma ya kashe inji, ya ce in tafi gida, kada in dawo.

Washegari na riga kowa zuwa, da 'yar shara a jikina. Ya kore ni. Na sake dawowa. Rana ta biyar ya gaji, ya nuna mini ƙarfen da ake ja inji ya tsaya, ya sa na ja shi har sai da nake samunsa ido rufe. Ya koya mini zagaya inji kafin a tayar, da inda ba a tsayawa ko Sarki ne ya kira ka. Ni da ko allo ban yi nisa ba, wannan karatun na haddace shi. Na kafa ƙusa a bakin ƙofa, duk sabon da ya zo da riga ni ke tuɓe masa, kuma ba na sauraron magiya.

Yagaggiyar kuwa na kai wa Baba ko za ta ɗinku. Ya juya ta, ya ja zaren da yatsa, ya tsinke ba wuya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Da sabuwar na ba ka fa?"