Goyon Tsumma

Damina ce, a shekarar da man fetur ya yi wuya. Kowa fuska a ɗaure, mota sai an yi kokawa. Lokacin ina kai wa leburori shinkafa da wake a wurin gine-ginen Abuja, ba na kamo hanyar Suleja sai bayan isha'i.

Wata dattijuwa mai sayar da kunu ce ta koya mini dabara. Ta ce in naɗe tsummoki in goya, in rufa mayafi, maza suna jin nauyin mai goyo. Ɗana na gaske kuwa na yaye shi, yana gida wurin kakarsa.

Ran nan a Zuba, ana yayyafi, wata tasi ta tsaya. Sai da na zauna na lura ni kaɗai ce mace, maza biyu sun sa ni tsakiya. Muka wuce Madalla. Da muka zo inda ake karyawa zuwa gari, direba ya miƙe hanyar Diko.

Na ce, "Malam direba, ka wuce hanya."

Bai waiwayo ba.

Na damana ya ɗora hannu a kan goyon, ya ɗan matsa. "Hajiya, wannan yaron naki ba ya ko motsi?"

Na san in ya ƙara matsawa zai gane. Na ji muryata a hankali tana cewa, "Daga asibiti muke, ɗan'uwa. Amai da gudawa ne. Tun Zuba ban ji numfashinsa ba."

Ya fizge hannunsa yana goge shi a kujera. Na hagu ya manne da ƙofa.

"Direba, sauke ta," in ji na daman. "Sauke ta nan."

Suka bar ni a bakin titi cikin duhu. Na tako a ƙasa har inda na hango aci-balbal ɗin masu shayi, ban kwance goyon ba.

A gida na tarar da ɗana yana barci. Na sa kunne a ƙirjinsa na daɗe, ina neman gafarar abin da bakina ya faɗa.

Da safe na soya ƙosai na raba wa maƙwabta sadaka. Sannan na ɗauko tsohuwar safar ɗana, na cusa auduga, na ɗinke a jikin tsumman, don ƙafafu su riƙa leƙowa ta ƙasan zane.