Fakon Ɗan Nowe Ba Na Sayarwa Ba Ne

Shekara tara ke nan cif da aka kai yayana Habu makwancinsa, mutumin da duk ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa ba a san shi da wani suna ba sai Ɗan Nowe. Ya rasu ana tsaka da yankan gero, bayan jinyar kwana huɗu. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, waina nake soyawa in ba da sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba, domin an zo da igiyar awo za a yanka filin ƙwallon da ya bari a mayar da shi fulotai, ana kuma yawo da ni a gari wai ni ce na hana ruwa gudu. Ba ƙarya aka yi mini ba, ni ce.

Sunan Ɗan Nowe daga rigar gwanjo ya samo asali. Habu bakaniken injin ban-ruwa ne. Wata ranar kasuwa ya dawo gida da jar riga, a bayanta an rubuta sunan wani Bature da ba wanda ya taɓa jin labarinsa. A lokacin samarin garinmu sun rabu gida-gida a bayan manyan kulob na Ingila da Sifen, kowa da gwaninsa. Suka yi masa caa: wannan kuma rigar wace ƙasa ce, su ma suna buga ƙwallo? Inna, mahaifiyarmu, ta hango gicciye a jikin tutar da ke ƙirjin rigar, ta ce ba za a shanya mata ita a igiya ba, sai da tela ya rufe wurin da ƙyalle. Da wani ne, da ya mayar da rigar tsumman goge inji. Shi kuwa Habu, in kana so ya riƙe abu da hannu biyu, to ka yi masa dariya a kansa. Ya hau babur har Rijiyar Zaki, ya sami ɗaliban jami'a a shagon intanet, suka binciko masa mai rigar, suka bugo masa hotonsa a takarda. Ashe ɗan ƙasar Norway ne, wadda a bakinmu ta zama Nowe, mai tsaron baya, dogo siriri. Habu ya raɗa masa Dogo, mu ma da sunan muka san shi.

Ni na yi makarantar horon malamai, don haka duk takardar da ya kawo ni nake karanta masa ina fassarawa. Ta haka na haddace tarihin mutumin da ban taɓa gani ba, fiye da yadda na san tarihin wasu dangina. Dogo ya fara wasa a ƙaramin kulob na garinsu, garin masunta a bakin teku. Daga nan babban kulob na birninsu ya ɗauke shi, sai kuma Ingila ta kira shi. Ranar da labarin ya zo Habu har goro ya raba. Amma a Ingila benci Dogo ya fi ɗumamawa. Aka ba da aronsa zuwa wata ƙasar, ya ji ciwo a gwiwa, ya yi kusan shekara yana ɗingishi. A gidan kallo, da an hasko masu zaman benci sai wani ya ɗaga murya: "Ɗan Nowe, ga mutumin naka can yana gadin bargo!" Habu ba ya ko juyawa.

Abin da ya ɗaure zuciyarsa da Dogo shi ne wasan da yake buga wa ƙasarsa. A waɗancan shekarun Norway ba ta zuwa ko'ina. Duk gasar da aka shirya, a wasannin share fage ake baro ta. Duk da haka, da an kira Dogo sai ya zo, ko ba a sa shi a wasa a kulob, ko gwiwa na naɗe da bandeji. Akwai ranar da ya yi kuskure aka ci su, 'yan ƙasarsa suka yi masa ihu a gida. Wasa na gaba ya dawo ya tsaya a wurinsa. Da ƙarshe ya tattara ya koma ƙaramin kulob ɗin garinsu, a daidai lokacin da kulob ɗin ke neman faɗawa rukuni na ƙasa, can kuma ya rataye takalmi. Ina karanta wa Habu wannan labari yana wanke hannu da kananzir, sai ya ce: "Rabi, kin ga mutum ke nan. Kowa ya iya zama inda ake tafi."

A daminar shekarar ce ya yi abin da ya sa aka fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Wanda bai san yankinmu ba ba zai gane girman abin ba. Mu nan gona na jingine da gona, iyaka ɗan layin gamba ce kawai, ko faɗin tabarma ba a bari ƙasa ta huta. Da rani a kai taki, da damina a shuka, haka muka tarar. Samari ba su da filin wasa sai an girbe an kwashe kara. Sai su buga a kan kunyoyi, tushiyar dawa na farfasa musu ƙafa, ruwan farko na sauka ƙungiya ta watse sai wata kakar. Habu ya ɗauki gonar da ya gada wajen Baba, wadda ke bakin burtali, ya baje kunyoyinta, ya kafa sandunan darbejiya biyu nan biyu can, ya ƙi zuba ko ƙwayar iri. Babban yayanmu, Alhaji Bala, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Dattawa suka kira Habu suka yi masa nasiha. Ya durƙusa ya saurara, ya yi godiya, ya tashi ya je ya ja layin tsakiya da toka.

Ba zan ɓoye ba, ni ma a lokacin ina cikin masu cewa ya yi wauta. Akwai shekarar da hatsinsa ya ƙare tun kafin a yi huɗa, ni na riƙa aika wa matarsa da kwano a ɓoye, ina aikawa ina mita. Amma na ga abin da filin ya zama. Samarin da damina ke kora birni neman aikin leburanci suka sami abin da ke dawo da su gida ranar Juma'a. Ƙungiyoyi suka riƙa zuwa daga ƙauyukan Rimin Gado, domin duk kewayen nan ne kaɗai ake buga ƙwallo gero na tsaye. Unguwanni biyu da suka daɗe ba sa ga maciji kan rikicin iyakar gona, 'ya'yansu suka sa riga iri ɗaya. Filin bai fitar da tauraro ko ɗaya ba, kuma Habu bai taɓa cewa zai fitar ba.

Da ya rasu ya bar mata da 'ya guda, Safiya, sai mu 'yan'uwansa biyu, domin Inna ta riga shi rasuwa. Aka zo rabon gado, malamai suka yi aikinsu daidai, ba ni da ƙorafi a kan wannan. Amma wajen nuna wa kowa ɓangarensa, sai aka auna ƙasa da idon manomi. Inda ke da sauran laushi da alamar zai yi dawa, nan aka fara zaɓa. Ni da nake mace, ƙarama, mai aikin gwamnati da ba ta riƙe fartanya, aka miƙo mini ɗan siririn yankin da ya bi gefen burtali, inda raga take. Wurin ya sha tattaki shekara da shekaru har ya zama fako, ko ƙaya ba ta fitowa. Alhaji da kansa ya ce in yi haƙuri. Na ce ba komai, na karɓa. Ba wanda ya yi ƙarfin halin sa garma a filin, don haka samari suka ci gaba da wasansu.

Yau birni ya miƙo ƙafa. Burtalin da shanu ke bi an zuba masa tsakuwa ya zama hanyar mota, gidajen bulo na tsirowa inda muka saba roron gyaɗa. Dillalai suka zo suka duba filin Habu, suka ga shimfiɗaɗɗe ne, ba rami ba tudu. Sai dai ta ko'ina gonakin mutane sun kewaye shi, ba shi da mashiga daga titi sai ta fakona. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Makon jiya Alhaji ya zo gidana da hantsi, ya ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa masa. Ya ce: "Rabi, idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Ki sayar musu da fakon nan. Ƙwallo za ki ci?" Na ce: "Yaya, ka yi haƙuri. Ranar da aka ba ni fakon nan ban ce ya yi mini kaɗan ba, yau ma ba zan ce ya yi mini yawa ba." Ya ce to in zaɓa, ko shi ko ƙasar da ba ta fitar da ko ciyawa. Ya fita bai yi sallama ba. Wannan magana ta yi mini ciwo, har yanzu tana yi, domin shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya aurar da ni. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gobe ma zan je in gaishe shi, ko ya amsa ko kada ya amsa. Ɓangarensa nasa ne, in ya ga dama ya sayar wa mai jirgin sama. Safiya ma na kira ta na ce kada kunyata ta sa ta cuci kanta, ita ke da kaso mafi girma. Ta ce: "Gwaggo, in kin tsaya na tsaya."

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. Yanzu ba yaron da bai san Norway ba. 'Yan wasanta na zura ƙwallaye a manyan kulob, ƙasar da aka daɗe ana bari a baya ta sami shiga gasar cin kofin duniya, jar rigar nan har a kasuwar ƙauye ake rataye ta sabuwa. Waɗanda suka yi masa dariya, 'ya'yansu ne ke sanye da ita. Na san ba zai yi fushi ba. Zai kalle su ya yi murmushin nan nasa na mugunta, ya tambaye su inda suke lokacin da ake cin mu. Na kuma san ko da ya ga waɗannan taurari, Dogo zai ci gaba da riƙewa, mutumin da bai taɓa zuwa gasar ba. Mu mun saba yabon wanda ya ci, shi kuwa wanda ya ƙi gudu yake yabo.

Me ya rage na Habu? Bai bar gidan bene ba, shagonsa ma wani ne a ciki. Rigar tana cikin akwatina da facin tela a ƙirji, ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Akwai magidanta a garin nan masu tabon filinsa a ƙauri, waɗanda in an ambaci sunansa sai sun yi masa addu'a. Akwai kuma taurin kansa, wanda ban san na gada ba sai bana. Wataƙila bayan raina a yanka filin, wannan sanin Allah ne, ban isa in ɗaure gobe ba. Masu cewa malamar firamare ta tsufa tana wasan yara, na ji, wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Shekaranjiya na sa an sare mini darbejiya biyu a bayan gida, domin gara ta cinye tsofaffin sandunan da ya kafa. An haƙa rami a fakon, sai da diga ta yi aiki, an kafa sababbi a daidai inda nasa suke. Duk mai igiyar awo da ke son shiga filin Ɗan Nowe, ta tsakanin sandunan nan biyu zai bi. Zai tarar da ni a tsaye a gabansu, kuma na yi shekaru ina karanta yadda ake tsaron baya.