Kitson Doña Eulogia

Duk kasuwar unguwarmu a birnin El Alto babu wanda bai san Doña Eulogia Choque mai kunun jar masara ba. Kunun dai tsararo ne, a faɗi gaskiya, amma wa ke kallon kofi? Jelar kitsonta biyu ake kallo, baƙaƙe wuluk, suna lilo har ƙugu. Tun tana budurwa almakashi bai taɓa kanta ba.

In Don Saturnino mahauci ya ce, "Maƙwabciya, ara mini ɗaya in ɗaure rago," sai ta ce, "Fara nemo abin rufe sanƙon nan naka da ƙuda ke santsi a kai."

Da ciwon daji ya ci ƙarfinta aka kwantar da ita asibiti, likitoci suka ce an makara, sai dai jinya. Abu ɗaya ta roƙi 'yarta Nélida: kullum a taje mata kai a kitse, kuma da kitsonta za a binne ta.

Wata safiya Nélida ta tsaya sayar da kunu, don ciki bai san ana jinya ba. Ma'aikaciyar jinya, wadda ke kiran kowace tsohuwa "mamita", wato iya, don kada riƙe suna ya wahalar da ita, ta zo yi wa Eulogia wanka. Ga gashi tuli, ga marasa lafiya jere suna jira, ga Eulogia cikin magagin allura. Ta ɗauko almakashi, ƙaras, ƙaras, an gama.

Nélida ta iso ta tarar da kan uwarta kamar na sabon kurtu.

"Ina kitson mahaifiyata?"

"Don tsabta ne, baiwar Allah. Ai zai sake tsirowa."

"Yaushe? A kabari? Ba ni shi."

"An kwashe shara tun ɗazu."

Eulogia ta kai hannu ƙeya ta laluba, ta sake lalubawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a mai da ita gida, tana zuwa ta juya fuska bango.

Don Saturnino ya zo dubiya, ya cire hula ya shafa sanƙo. "To maƙwabciya, yanzu mun zama ɗaya." Ya tsaya jiran zagi, har ya gaji ya mai da hularsa.

Da Eulogia ta rasu, Nélida ta sayo baƙin zaren ulu ta kitsa jela biyu, ta maƙala su ƙarƙashin hular uwar. Duk muka leƙa akwatin gawar muka ce kamar nata. Ƙarya muka yi.