Layi na Biyar

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin malamin wasanni, akwai wata Alhamis da har gobe ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna yi mini dariya idan kun ga na duƙa ina duba ƙafar kowane shinge kafin a hura usur. To, ga dalili.

Shekarata ta farko ce a wata sakandaren maza a Gaya. Ina mataki na takwas a albashi, jini yana tafasa, ina ganin babu wanda ya kai ni sanin fili. A ƙarshen zango na biyu ake gasar makarantun yankinmu, har da na Ajingi, ni kuma aka damƙa mini gudun tsallake shinge. Ga wanda bai sani ba, kowane layi ana jera masa shingen katako goma, kuma dole ƙafafun shingen su miƙo wajen mai gudu. Idan ya taɓa shi sai ya kife gaba ya ba shi hanya. Idan aka juya shi ba ya kifewa, ƙafar ɗalibi ce za ta karye.

Ana gobe gasa shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam Sabo, layi na biyar ka jera masa shingayensa, amma kada ka sa kowa a ciki. Na Baba Kyaftin ne."

Baba Kyaftin wani tsoho ne daga ƙauyen Balan, ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa gani. Yakan ce a sojan sama ba haka ake kiran muƙaminsa ba, amma sunan ya riga ya bi shi. Da ƙuruciyarsa shi ne zakaran tsallake shinge, daga baya ya tuƙa jirgin yaƙi lokacin basasa. Duk shekara sai an kawo shi gasar nan a babur.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai biyar ne suka kai zagayen ƙarshe, layi kuma biyar gare mu. In hana mai rai don a bar wa iska?"

Ya dube ni ya ce, "Fili naka ne. Amma ka gaya masa da bakinka."

Washegari da hantsi na sami Baba a kujerar roba ƙarƙashin darbejiya, ya dafa sanda. Na gaishe shi na faɗa masa. Sai ya ce, "Ɗana, ina da aboki, Iliya. Tare muke gudu, kullum ni a layi na huɗu shi a na biyar. Ya fi ni sauri, sai dai shinge na bakwai ba ya barinsa, da shi nake cinye shi. Tare muka shiga soja. Wata safiya muka tashi jirgi biyu, na dawo ni kaɗai. Babu gawa, babu kabarin da zan je in tsaya. Na san matacce ba ya dawowa, kada ka ɗauke ni jahili. Wuri kawai nake so in fuskanta in yi masa addu'a."

Wallahi na ji tausayinsa, amma taurin kai ya fi ƙarfina. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, bana dai ba zai yiwu ba."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ni na jera shingayen da hannuna. Na kai sahu na shida aka kira ni in tarbi motar ’yan Ajingi, da na dawo sai na ƙarasa sauran daga ɗaya ƙarshen filin, cikin gaggawa.

Gab da azahar ɗalibai biyar suka durƙusa a bakin layi. Rana ta take, ko ganye ɗaya ba ya motsi, tutocin makarantu duk sun langaɓe. Na sa usur a baki, fili ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji muryar Baba daga gindin bishiya, ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Ɗaya, biyu, uku, tsalle. Ɗaya, biyu, uku, tsalle." Taku uku ne tsakanin shinge da shinge. Yana juya kai a hankali kamar mai bin wani da kunne, alhali babu wanda ya tashi.

Yana kai tsalle na bakwai a ƙirgarsa muka ji ƙara, kwaram! Shinge na bakwai a layi na biyar ya kife. Babu kowa kusa da shi, kuma jama'a da yawa sun gani. Usur ya faɗo daga bakina.

Baba ya ce, "Na bakwai ne ko?"



Na taka na je in tayar da shingen. Katakon saman ya tsage. Ina duƙawa na ga abin da ya fi wannan tsoratar da ni: a juye yake. Ta inda ya faɗi ma ba ta nan yake iya faɗuwa ba, sai an doke shi da ƙarfi. Na ɗaga kai na duba. Tun daga sahu na bakwai har na goma, a duk layukan, na jera su a juye, daidai inda ɗalibi ya fi sakin jiki da gudu.

Na gyara su ɗaya bayan ɗaya, gumi yana zuba. Na raba zagayen gida biyu aka yi da agogo, layi na biyar babu kowa. Duka biyar suka koma gida da ƙafafunsu.

Bayan an tashi na je na durƙusa gaban Baba na ce ya yafe mini. Ya laluba ya dafa kaina ya ce, "Ba komai, ɗana. Yau ma na bakwai bai bar Iliya ba, amma yau dai ban cinye shi ba."

Na gaya wa limamin unguwarmu, ya ce Allah yana tsare bayinsa da abin da ya ga dama, kada in ƙara komai a kai. Ban ƙara ba. Wasu malamai sun ce zafin rana ne ya tsaga katakon, ni ma ina so in yarda.

Baba ya rasu da daminar shekarar. Abin da na koya shi ne, kada ka hura usur sai ka taka filin da ƙafarka ka duba kowane shinge, kuma idan tsohon hannu ya roƙe ka abin da ba ka gane ba, ka saurara kafin ka ce a'a. Shi ya sa kuke gani ina zana layi bakwai a gasar mutum biyar. Na huɗu da na biyar a jera musu shingayensu, a duba ƙafafun da kyau, kada a sa kowa.