Marin Kwamfuta a Isa

Shekarar da fari ya ƙone gero tun daga Kamarawa har Burkusuma, aka ɗauke ni aikin rabon dusa ga makiyaya a Isa. Sunayensu duka suna cikin rumbun bayanai na wata tsohuwar kwamfuta. Makiyayi ya faɗi suna, in buga, ita kuma ta shiga bin rajista layi-layi tun daga farko, mu zauna muna kallon juna. Shugabanmu, dattijo mai son a ce ya iya, in ya gaji da jira sai ya kai mata mari a gefe.

Wata Juma'a bayan ya fita, na haɗa mata fihirisa mai gurbi uku a jere: ƙauye, sannan ruga, sannan suna. Da wannan jeri sai ta tsallaka kai tsaye zuwa ƙauyen, ta faɗa rugar, ta ciro mutum. Amma dole a fara ba ta ƙauye. In suna kaɗai aka ba ta, fihirisar ba ta taimaka mata, sai ta koma jan ƙafa. Ban gaya wa kowa ba.

Ran Litinin ya mare ta daidai lokacin da na danna ƙauye da ruga da suna, sai ga amsa nan take.

"Ka gani?" in ji shi. "Hannuna taka tsoro."

"Ƙwarai kuwa, ranka shi daɗe."

Mako biyu yana mari ina yabo. Sai ga babban jami'i daga Sakkwato. Shugaba ya ce, "Tashi, ni za ni gwada mishi." Wata tsohuwa Bafulatana ce a gaban layi, ta zo daga Burkusuma karɓar rabon mijinta. Shugaba ya buga sunan mijin kaɗai, ya mari kwamfuta. Shiru. Ya ƙara. A na uku har jami'in ya ja da baya. Ni dai ina kallon rufi, ina cizon leɓe.

"Malam, mi kaka nema ciki?" tsohuwar ta tambaya.

"Mijinki, Inna."

"To ka tambayi garinmu? Masu sunan nan, a rugarmu kaɗai su huɗu ne."

Na sunkuya na buga ƙauye da ruga da suna, sai ga mijin cikin su huɗun. Jami'in ya yi dariya har da share hawaye.

Da baƙo ya tafi na faɗi gaskiya. Shugaba ya sa na yi dakon buhunan dusa kwana uku, ran na huɗu ya jawo kujera kusa da tawa, ya ce in koya mishi.