Hannayen Matan Gonar Gyaɗa

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Litinin kwamfutata ta fara faɗa mini abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ina shekarar ƙarshe a makaranta, bincikena kuwa shi ne in koya wa kwamfuta ta dubi hoton fatar mutum ta gane abin da rana ta yi mata. Kowace Asabar nakan ɗauki hoton bayan hannun wasu mata tara na unguwarmu masu noman gyaɗa, in ajiye farar takarda a gefe don kwamfutar ta auna launi da ita.

Hotunan makon farko sun fito daidai, domin a hanya na tare su suna dawowa daga gona. A mako na biyu, da suka san da zuwana, sai kwamfutar ta ce fatarsu ta yi haske, kaushin ya ragu, alhali kwana shida suka yi suna noma cikin rana.

Kaina na zarga. Na goge kyamarar wayata, na canza takarda, na bi lissafin layi-layi. Mako uku, abu ɗaya. Malamin da ke duba aikina ya ce in ban kawo bayani ran Juma'a ba, sai in fara sabon bincike, gama makaranta kuwa sai baɗi.

Ban taɓa tunanin tambayar matan ba. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci. Na san kowane tabo a hannayensu, amma ban cika ɗaga ido na dubi fuskokinsu ba.

Ran Laraba da la'asar na daure na je gidan babbarsu, wata dattijuwa 'yar Rijau. Na same ta tana tsinke zogale a tire, hannunta a bushe. Na nuna mata hoton hannunta.

"Iya, me ya sa hannunki ke sheƙi a nan, ga shi yanzu ba ya yi?"

Ta yi dariya har da ajiye tiren.

"'Yar boko, duk karatun nan naki? Wa zai miƙa wa hoto hannu fururu? Duk Asabar sai mun yi wanka mun shafa man kaɗe, don kada malamanki su ce 'yan unguwarku ƙazamai ne, mu ba ki kunya. In hannun da rana ta dafa kike so, ki biyo mu gona gobe. Ki zo da fartanya, mu ba a zuwa mana kallo."